Alexander Graham Bell: Mutumin da ya ɗora murya a kan haske shekara 90 kafin zuwan zaren gilashi

A wata ranar watan Yunin 1880, wani matashin maƙerin na'urori mai suna Charles Sumner Tainter ya hau rufin makarantar Franklin da ke birnin Washington na ƙasar Amurka, ɗauke da wani siririn madubi. Ya daidaita shi yadda hasken rana zai faɗa masa ya karkata zuwa tagar wani gida mai nisan mita 213, sannan ya kai bakinsa bayan madubin ya yi magana. A cikin gidan, maigidansa Alexander Graham Bell na jira da abin sauraro a kunne. Babu waya ko ta taƙi ɗaya tsakaninsu, amma Bell ya ji kalmomin sarai, har ya leƙo ta taga yana kaɗa hularsa domin Tainter ya san saƙo ya iso.

Duniya ta san Bell da wayar tarho. Shi kuwa har ƙarshen rayuwarsa wannan na'ura ta haske, wadda ya raɗa wa suna fotofon, ita yake ɗauka mafi girman abin da ya ƙirƙira, duk da cewa ba ta taɓa samun kasuwa ba. Akwai kuma wata na'urar da ya soma kafin tarho ya bar ta ba ta kammala ba, wato tangarahu mai ɗaukar saƙonni da yawa a kan waya guda. Waɗannan dabaru biyu da suka gagare shi, a kansu ne arahar sadarwar zaren gilashi, wadda aka fi sani da faiba, ta tsayu a yau.

Gidan malaman magana

An haifi Bell ranar 3 ga Maris, 1847, a birnin Edinbara na Sikotland. Kakansa malamin koyar da lafazi ne a Landan. Mahaifinsa, Alexander Melville Bell, shi ma sana'arsa ke nan, har ya tsara wasu alamomin rubutu da ke nuna yadda harshe da leɓɓa da maƙogwaro ke zama wajen furta kowane sauti. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, don haka yaron ya tashi yana nazarin yadda murya ke fita daga bakin mutum. Mahaifiyarsa Eliza kuwa jinta ya yi ta raguwa tun yana yaro, sai ya koyi yi mata magana da yatsu, yakan kuma kai bakinsa kusa da goshinta ya yi magana da kakkaurar murya domin ta ji motsin sautin a ƙashin kanta.

A makaranta bai yi fice ba. Ya bar babbar makarantar Edinbara yana ɗan shekara 15 ba tare da wani sakamakon kirki ba, aka tura shi Landan wurin kakansa, inda ya shekara guda yana karatu a gabansa. Yana da shekara 16 ya fara koyar da kiɗa da lafazi a wata makaranta a garin Elgin. A shekarun ne wani littafin masanin Jamus Hermann von Helmholtz kan sauti ya shigo hannunsa. Da yake Jamusancinsa bai nuna ba, sai ya fahimci cewa Helmholtz ya aika sautukan wasula ta wayar lantarki, alhali ba abin da littafin ya faɗa ke nan ba. Wannan kuskuren fahimta ya dasa masa yaƙinin cewa ana iya aika magana ta waya.

Tarin fuka ya yi wa gidan ɓarna. Ƙanensa Edward ya mutu a 1867, wansa Melville ya bi shi a 1870, shi kansa kuma lafiyarsa ta soma taɓarɓarewa. Tsoron kada su rasa ɗan da ya rage musu ya sa iyayen suka tattara suka yi ƙaura zuwa Brantford da ke lardin Ontario na Kanada a cikin shekarar. Da ya murmure, a watan Afrilun 1871 ya tafi Boston ta Amurka yana koyar da kurame, a 1873 kuma Jami'ar Boston ta naɗa shi farfesan lafazi da nazarin gaɓoɓin furuci.

Tsadar waya ce ta jawo masu jari

A wancan lokaci tangarahu ne sarkin sadarwa, kamfanin Western Union kuma shi ke riƙe da akasarin kasuwar Amurka. Matsalarsa ɗaya ce: waya guda saƙo guda take ɗauka a lokaci guda. In ciniki ya ƙaru, sai a sayi sabuwar waya, a kafa turaku, a ɗauki ma'aikatan gyara, tsawon ɗaruruwan kilomita. Duk wanda ya gano yadda za a cusa saƙonni masu yawa a waya ɗaya, ya rage wa kamfani kashe maƙudan kuɗi. A 1872 Western Union ya sayi dabarar Joseph Stearns mai aika saƙo biyu, a 1874 kuma Thomas Edison ya fito da mai aika huɗu.

Bell ya shigo wannan tsere ta ƙofar kiɗa. Gwanin fiyano ne, ya kuma san cewa in mutum ya saki tsirkiyoyin fiyano ya rera wani sauti a cikinsa, tsirkiyar da amonta ya dace da sautin ita kaɗai za ta amsa, sauran su yi shiru. Sai ya yi tunanin jera wasu siraran ɓallayen ƙarfe, kowanne da nasa amon, a haɗa su da waya guda. A ɗaya ƙarshen a jera tagwayensu, kowane ɓalle ya amsa wa ɗan'uwansa kawai. Ta haka saƙonni da yawa za su bi hanya ɗaya a lokaci ɗaya ba tare da sun cakuɗe ba.

Iyayen ɗalibansa biyu ne suka zuba jari. Ɗaya shi ne Thomas Sanders, ɗan kasuwar fata. Ɗayan kuma lauya ne, Gardiner Greene Hubbard, wanda ya daɗe yana adawa da babakeren Western Union, kuma 'yarsa Mabel ta kurumce tun tana shekara biyar sakamakon wani zazzaɓi mai tsanani. Bell ya samu mataimaki, Thomas Watson, a shagon ƙera kayan lantarki na Charles Williams da ke Boston. Sai dai ɓallayen sun ƙi zama a kan amonsu, kullum cikin gyara ake.

Ranar 2 ga Yuni, 1875, ɗaya daga cikin ɓallayen ya maƙale, Watson ya fizge shi da yatsa. Bell da ke wani ɗakin ya ji ƙarar ta fito ta waya da cikakken amonta. Nan take ya gane cewa wutar da ke hawa da sauka daidai da motsin sauti za ta iya ɗaukar muryar mutum. Hubbard ya matsa masa ya bar wannan mafarki ya koma kan tangarahu, inda ake ganin kuɗi a fili, amma hankalin Bell ya riga ya tafi.

Tarho da shari'o'insa

An shigar da takardar neman rajistar ƙirƙirar Bell ranar 14 ga Fabrairu, 1876. A wannan rana ce kuma Elisha Gray ya shigar da tasa takardar kan irin wannan na'ura, abin da ya haifar da gardamar da masana tarihi ke yi har yau kan wanda ya riga wani. An ba Bell rajista mai lamba 174,465 ranar 7 ga Maris, bayan kwana uku kuma Watson ya ji cikakkiyar jimlar farko ta waya, Bell na kiransa daga ɗakin da ke kusa. A watan Yuni ya nuna na'urar a baje-kolin Philadelphia a gaban Sarkin Birazil Dom Pedro na Biyu, a watan Agusta kuma ya gwada ta tsakanin Brantford da wani gari mai nisan kusan kilomita 13.

A watan Yulin 1877 aka kafa kamfanin tarho na Bell, bayan kwana biyu ya auri Mabel Hubbard. Cikin hannayen jari 1,497 da yake da su, goma kawai ya riƙe, sauran ya ba amarya kyauta. Western Union ya shiga kasuwar tarho da na'urorin Gray da Edison, aka kai shi kotu, a watan Nuwamban 1879 ya janye bisa sulhu. Ƙararraki kusan 600 aka yi kan wannan rajista, Kotun Ƙolin Amurka kuma ta tabbatar wa Bell da ita a 1888. Zaman kotu da harkar kasuwanci sun gundure shi. Tun yana ɗan shekara talatin da 'yan kai ya zare hannunsa daga tafiyar da kamfanin, daga baya ma ya ƙi yarda a saka masa tarho a ɗakin karatunsa.

Yadda fotofon ke aiki, da abin da ya kayar da ita

A 1873 wani injiniyan Ingila, Willoughby Smith, yana gwajin wayoyin ƙarƙashin teku ya lura cewa sinadarin seleniyam na barin wutar lantarki ta ratsa shi sosai in haske ya faɗa masa, ya kuma tauye ta in duhu ya rufe shi. Bell ya ga ƙofa a nan. In haske na iya juya ƙarfin wuta, murya kuma na iya juya ƙarfin haske, to ana iya ajiye waya gefe guda.

Shi da Tainter suka duƙufa a wani gida da ke titin L a Washington. Na'urar da suka haɗa ba ta da sarƙaƙiya. Mai magana na yin magana a bayan siririn madubi, muryarsa ta sa madubin rawa, rawar ta sa hasken da yake mayarwa ya riƙa ƙaruwa yana raguwa. A wurin mai sauraro akwai wani babban madubi mai siffar kwano da ke tattara hasken a kan seleniyam, wanda aka haɗa da batir da abin sauraron tarho. Ranar 19 ga Fabrairu, 1880, suka ji murya ta fito a cikin ɗakin gwaji. Kwana huɗu kafin nan Mabel ta haifi 'yarsu ta biyu, kuma don tsananin murna Bell ya so a sa wa jaririyar sunan na'urar. Mabel ta ƙi, aka sa mata Marian. A watan Afrilu suka kai nisan mita 79, a Yuni suka yi gwajin rufin makarantar Franklin, a Agusta Bell ya gabatar da aikin a taron masana kimiyya a Boston, a Disamba aka ba shi rajista.

Daga nan tafiyar ta tsaya. Gajimare ɗaya ya isa ya katse zance. Ruwan sama, hazo, hayaƙi, dare, duk abokan gaba ne. Haske kuma ba ya kwana, dole mai magana da mai sauraro su kasance suna hangen juna. Abu biyu Bell ya rasa: fitila mai ƙarfi da ba ta dogara da rana ba, da kuma hanyar da za ta killace hasken ta bi da shi lunguna ba tare da ya watse ba. Babu ko ɗaya daga cikinsu a zamaninsa. Sojoji sun yi amfani da irin wannan dabara a gajerun zanguna lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, amma jama'a suka ci gaba da dogaro da wayar jan ƙarfe.

Sauran shekarunsa

A 1880 Faransa ta ba shi kyautar Volta ta faran 50,000, ya kafa ɗakin bincike da kuɗin, inda shi da Tainter da ɗan'uwansa Chichester Bell suka inganta na'urar naɗar murya. Da aka harbi Shugaba James Garfield a watan Yulin 1881, Bell ya haɗa na'urar gano ƙarfe domin a nemo harsashin, amma ba a dace ba, shugaban ya mutu a watan Satumba. A cikin shekarar ɗansa Edward ya mutu jim kaɗan bayan haihuwa, wani ɗan, Robert, ya bi shi a 1883. Ya zama ɗan ƙasar Amurka a 1882.

Koyar da kurame ita ce sana'ar da ya fi so a san shi da ita, shi ne ma ya nuna wa iyayen Helen Keller makarantar da ta samar mata malama. Sai dai a nan ne kuma tarihinsa ke da tabo. Ya nace cewa a koya wa kurame karanta leɓɓa da furta magana, ya yi adawa da koyarwa da harshen alamar hannu, a 1883 kuma ya gabatar da wata takarda da ke gargaɗi kan auratayya tsakanin kurame. Har yau kurame da yawa na ɗora masa alhakin shekarun da aka hana yaransu harshensu a makarantu.

Ƙarshen rayuwarsa ya yi ta ne galibi a gidansa da ke kusa da Baddeck a lardin Nova Scotia na Kanada, yana gwajin jiragen sama da na ruwa. Ya shugabanci ƙungiyar National Geographic daga 1898 zuwa 1903. Wani jirgin ruwansa ya kafa tarihin gudun kilomita 114 a awa a 1919. Ranar 25 ga Janairu, 1915, aka gayyace shi ya buɗe layin tarho na farko da ya ratsa Amurka, shi yana New York, Watson yana San Francisco. Layin ya ci turaku kusan 130,000 da tan 2,500 na jan ƙarfe, kiran minti uku kuma dala 20 da santi 70 ake biya. Tsadar da ya so ya kauce wa tun 1880 ke nan ta bayyana a gabansa.

Ciwon sukari ya yi ajalinsa ranar 2 ga Agusta, 1922, yana da shekara 75. Ranar da aka binne shi an tsayar da layukan tarho na Amurka da Kanada na minti ɗaya. Mabel ta bi shi bayan wata biyar.

Da haske ya samu hanya

Fitilar da Bell ya rasa ta zo a 1960, lokacin da Theodore Maiman ya ƙera leza ta farko. Saura hanya. An san gilashi na iya killace haske, amma na wancan lokaci yakan cinye shi kafin a yi 'yan mitoci. A 1966 Charles Kao da George Hockham, da ke aiki a wani ɗakin bincike a Harlow ta Ingila, suka nuna cewa dattin da ke cikin gilashin ne ke shan hasken, kuma in aka tace shi har asarar ta sauka ƙasa da desibel 20 a kilomita, zai iya gogayya da jan ƙarfe. Wannan ma'auni na desibel daga sunan Bell injiniyoyin tarho suka ciro shi, 'yan shekaru bayan mutuwarsa.

Adadin 20 lissafin kuɗi ne. Yana nufin kashi ɗaya cikin ɗari na hasken zai kai ƙarshen kilomita guda, wanda ya isa a karanta saƙon a sake ƙarfafa shi. Kowace tashar ƙarfafawa na buƙatar na'ura da wuta da mai kula, don haka gwargwadon tsarkin gilashi, gwargwadon ƙarancin tashoshi. A 1970 Robert Maurer da Donald Keck da Peter Schultz na kamfanin Corning suka ƙera zaren da ya ƙetare wannan iyaka. Zaren yau asararsa wajen desibel 0.2 ce a kilomita, wato abin da ake rasawa dā a kilomita ɗaya sai an yi kilomita 100 yanzu. Wayar tarho ta farko da ta ratsa tekun Atlantika a 1956, ta jan ƙarfe, kira 36 take ɗauka a lokaci guda. Ta zaren gilashi da aka buɗe a 1988 ta ɗauki 40,000. Kao ya samu kyautar Nobel a 2009.

Duk da haka tashoshin farko na da tsada, domin sai sun mayar da haske wutar lantarki, sun gyara shi, sun sake mayar da shi haske. A 1987 masu bincike a Jami'ar Southampton ƙarƙashin David Payne, da wasu a ɗakunan binciken Bell na Amurka, suka nuna cewa guntun zaren da aka sa wa sinadarin erbiyam na iya ƙarfafa haske yana haskensa. A nan ne tsohuwar dabarar ɓallayen ƙarfe ta dawo. Kamar yadda Bell ya so ya ba kowane saƙo nasa amon a waya guda, injiniyoyi suka ba kowane saƙo nasa launin haske a zare guda, launuka 80 ko fiye, kuma na'urar erbiyam ɗaya na ƙarfafa su gaba ɗaya. Kamfanin da cinikinsa ya ƙaru ba sai ya sake haƙa rami ba, sauya na'urorin ƙarshen layi kawai zai yi. A cikin unguwa ma ana raba hasken zare ɗaya ga gidaje 32 ko 64 da ɗan ƙaramin gilashin da ba ya shan wuta ko kaɗan.

A Najeriya an ga tasirin wannan araha a bakin teku. Wayar SAT-3 ta fara aiki a 2002, daga baya MainOne da Glo-1 suka sauka Legas, farashin sarin intanet ya faɗi. Abin da ya rage da tsada yanzu shi ne kai zaren cikin ƙasa: haƙa rami, wutar tashoshi, gyaran wayoyin da masu aikin titi ke tsinkewa, da kuɗin izinin ratsa hanya. Tun 2013 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta tsayar da naira 145 a kan kowace mita, gwamnoni suka sake amincewa da haka a 2020, amma ba kowace jiha ce ta bi ba. Ɓangaren da ke hannun masana kimiyya sun sauke shi, wannan kuwa yana kan teburin masu tsara manufofi da masu sa hannu a takarda.

Makarantar Franklin na nan tsaye a Washington. A 1947, shekara ɗari da haihuwar Bell, aka manna allon tunawa da gwajin fotofon a jikin bangonta. A 2020 kuma aka buɗe gidan tarihi na harshe da kalmomi a cikin ginin, ƙarƙashin rufin da Tainter ya tsaya da madubinsa.